Babi na Uku: Ma'aikatan Ɗakin Labarai a Kaduna da Hanyar da Labarin Mahuta ke Bi

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan mutanen da ke aiki a ɗakin labarai, wato tun daga wakilin da ke fita neman labari har ya zuwa editan da ke da ta cewa ta ƙarshe kafin a buga ko a watsa. An ɗauki unguwar Mahuta da ke kudancin Kogin Kaduna a matsayin misali, domin a ga yadda abin da ya faru a unguwa yake bi ta hannuwa da dama kafin ya komo wa mutanen unguwar a matsayin labari. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, a gari irin Kaduna, wanda ya sha fama da rikici, sanin ko su wane ne ke zaune a ɗakin labarai, da inda ɗakin yake, da harshen da suke aiki da shi, ya fi sanin sunan jaridar muhimmanci.

3.1 Mahuta da Mazaunin Ɗakunan Labarai

Mahuta tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda hedikwatarta ke Kujama. Unguwar tana kusa da matatar man fetur ta Kaduna da aka buɗe a shekarar 1980, kuma tana maƙwabtaka da unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Boro da Kamazo, a ɓangaren hanyar da ta nufi Kachiya. Asalin yankin ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sa'an nan matatar mai daga baya, su ne suka jawo ma'aikata daga sassa daban-daban na Nijeriya zuwa kudancin kogin. Saboda haka mazauna wannan yanki ƙabilu ne masu yawa, kuma Hausa da Turanci da Turancin Buroka su ne harsunan da suke haɗuwa a kai a kasuwa da tasha.

Tsofaffin manyan ɗakunan labarai na Kaduna kuwa a arewacin kogin aka kafa su. Kamfanin jaridar New Nigerian yana kan titin Ahmadu Bello, gidan Rediyon Tarayya yana kan titin Yakubu Gowon, haka kuma gidan gwamnati da majalisar dokoki da ke Zauren Lugga da hedikwatar 'yan sanda duk a wannan ɓangare suke. Ke nan ɗan jarida yana iya cika shafinsa na yini ba tare da ya haye gada ba. Wannan nisa ya ƙara faɗi bayan rikicin Shari'a na watan Fabrairu da na Mayu na shekarar 2000, sa'ad da jama'a suka yi ta ƙaura, akasarin Kirista suka koma kudancin kogin, akasarin Musulmi suka tattaru a arewacinsa da wasu unguwanni ƙalilan na kudu. 'Yan jarida su ma mazauna gari ne, ƙaurar ba ta bar su ba. Daga lokacin, unguwar da wakili yake kwana ta zama tana da tasiri a kan irin labarin da ke isa kunnensa da kuma wuraren da yake iya shiga in hankali ya tashi.

3.2 Asalin Wannan Aiki Daga Zariya Zuwa Kaduna

Ɗakin labarai na Hausa ya samo asali ne a Zariya. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙarƙashin Hukumar Talifi da Dokta Rupert East ke shugabanta, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta na farko. Ma'aikatan farko ba su yi karatun aikin jarida ba. Malaman makaranta ne da masu fassara da aka ɗauko saboda gwanintarsu a harshe, sai suka koyi aikin a bakin aiki. Wasiƙun masu karatu daga garuruwa su ne suka tsaya a matsayin rahoton wakilai, edita kuma ya zama shi ne mai zaɓe, shi ne mai gyara, shi ne mai ba da amsa. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan a 1948 ya fara buga jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Ranar 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta fito a Kaduna, ta maye gurbin Nigerian Citizen, mako biyu kacal kafin juyin mulkin da aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda gwamnatinsa ce ta kafa ta. Wani Bature, Charles Sharp, shi ya aza harsashinta, Malam Adamu Ciroma ya zama editanta na farko ɗan ƙasa, Malam Mamman Daura da Malam Turi Muhammadu suka biyo baya. Daga bisani Dan Agbese ya riƙe kujerar kafin ya tafi su kafa mujallar Newswatch a Legas, Hajiya Bilkisu Yusuf kuma ta riƙe ta a 1987, a zamanin da samun mace a irin wannan matsayi abu ne mai wuya. An san jaridar da ra'ayinta da take bugawa a gefen shafin farko, wanda masu mulki ke karantawa da natsuwa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin wannan kamfani. A nan ne wani abu ya auku wanda tasirinsa bai gushe ba: jaridar Hausa, wadda ita ce uwa a Zariya, ta zama ƙanwa a Kaduna, tana jiran abin da wakilan jaridar Turanci suka aiko ta fassara.

A ɓangaren rediyo, Kamfanin Watsa Labarai na Jihar Arewa ya fara aiki a Kaduna a 1962, shi ne kuma ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna a 1978. Shirinsa na Jakar Magori, inda ake kawo rahotannin wakilai daga sassa da Hausa, ya kai labarin ƙananan garuruwa ga jama'ar da ba ta karanta jarida. Bayan dokar 1992 da ta halatta wa 'yan kasuwa kafa tashoshi, aka sami DITV da Alheri da Nagarta da Liberty da Freedom da sauransu a garin. Haka kuma a Kaduna aka fara buga The Democrat da Today da takwararta ta Hausa A Yau, da mujallar Citizen a 1990, da Weekly Trust a 1998, wadda kamfaninta ya fito da Aminiya a 2006.

3.3 Wakili

Wakili, ko ɗan rahoto, shi ne ƙafa da idon ɗakin labarai. A tsarin da aka gada, editan labarai kan raba wa wakilai fannoni: wani gidan gwamnati, wani majalisa, wani kotu, wani 'yan sanda, wani kasuwanci ko wasanni. Abin lura a nan shi ne, rabon bisa ofisoshi ake yin sa, unguwanni ba sa ciki. Akwai wakilin kotu, amma da wuya a ji an ce ga wakilin unguwa kaza. Saboda haka labarin wuri irin Mahuta yakan shigo ɗakin labarai ne ta ƙofar wani ofishi. Idan an yi fashi, ta bakin kakakin 'yan sanda zai shigo. Idan matsala ce ta hayaƙi ko gurɓatar ruwa, ta sanarwar hukumar matatar mai ko ta shugabannin al'umma da suka kira taron manema labarai. Idan hanya ce ta lalace, sai ranar da kwamishina ya kai ziyara. Mai gidan da ruwan sama ya ci wa katanga, da matar da ke sayen ruwa a jarka kullum, ba su da kakaki, don haka muryarsu ita ce ke zuwa a ƙarshe, in ma ta zo.

Mafi yawan wakilan da ke Kaduna ba a Kaduna editocinsu suke ba. Jaridun Legas da na Abuja kan ajiye mutum ɗaya ko biyu su kula da jihar baki ɗaya, tun daga Birnin Gwari har Kafanchan. Waɗannan suna da reshensu na wakilai a cikin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wato NUJ, wadda aka kafa a 1955. Zamansu wuri guda yana da amfani, domin suna taimakon juna da labari da mota, kuma taro yana ba da kariya. Amma yana da illa. Idan mutum ɗaya ya je wurin da abu ya faru ya dawo ya raba wa abokansa abin da ya rubuta, gobe jaridu biyar za su fito da labari ɗaya, mai karatu ya zaci shaidu biyar ne, alhali kuwa shaida ɗaya ce. In akwai kuskure a ciki, ya yaɗu sau biyar.

Sai kuma batun abin hannu. Albashin wakili ƙarami ne, a wasu gidajen ma yakan yi watanni bai fito ba. Daga nan ne al'adar karɓar ambulan bayan taro ta sami gindin zama, abin da ake saya wa suna da kuɗin mota ko na goro. Ƙa'idojin aikin jarida sun hana wannan, kuma akwai waɗanda ba sa karɓa. Illarsa ga unguwa a fili take. Wanda ke da halin kiran taro a otal ya sallami manema labarai shi ake ji, tafiya Mahuta ko Maraban Rido kuwa daga aljihun wakili kuɗin motar zai fito, kuma babu mai mayar masa.

Haɗarin aikin ma a kan wakili ya fi sauka. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a zamanin mulkin Janar Sani Abacha. A 1998 hukumomi suka ce shi ne ya mutu a fashewar bam da aka yi a otal ɗin Durbar a watan Janairu na 1996, bayanin da iyalinsa da abokan aikinsa ba su amince da shi ba. Haka kuma ranar 26 ga Afrilu 2012 an kai harin bam a wani gini a Kaduna da ke ɗauke da ofisoshin ThisDay da The Sun da The Moment, a ranar da aka kai wa ofishin ThisDay na Abuja hari.

3.4 Editan Labarai da Mai Tacewa

Idan rahoto ya iso, hannun editan labarai yake fara faɗawa. Shi ne ke tsara aikin yini, ya tura wakilai, ya karɓi abin da suka aiko, ya haɗa da na Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1978. A da, da keken rubutu ake buga rahoto, na nesa kuma ya aiko ta teles ko ya karanto ta wayar tarho wani ya rubuta. Da rana editoci kan zauna taro su yanke wane labari ne zai hau shafin farko, wane ne za a tura ciki, wane ne za a jefar.

Daga nan sai mai tacewa, wato ƙaramin editan da ke zaune a tebur ba ya fita. Aikinsa shi ne gyara harshe, da rage tsawo don labari ya shiga gurbin da aka ba shi, da duba sunaye da alƙaluma, da cire abin da zai jawo ƙarar ɓata suna, sa'an nan rubuta kanu. Sunansa ba ya fitowa a jarida, amma kanun da ya rubuta shi ne abin da jama'a ke karantawa a tsaye wurin mai sayar da jarida, kuma shi ake karantowa a shirin sharhin jaridu na safe. Sau da yawa wakili kan rubuta labarinsa da taka-tsantsan, mai tacewa da ke Legas, wanda bai san bambancin Kakuri da Kawo ba, ya ɗora masa kanu mai zafi. Washegari wakilin ne zai fuskanci mutanen da aka yi labarin a kansu.

Abin da ya faru a watan Nuwamba na 2002 ya isa misali a kan nauyin wannan tebur. Ranar 16 ga watan jaridar ThisDay ta buga wani rubutu na Isioma Daniel a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da za a yi a Abuja, wanda ke ɗauke da kalaman da Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne ga Annabi Muhammadu (SAW). A Legas aka yi rubutun, a can ya bi ta hannun editoci. Ranar 20 ga watan aka ƙona ofishin jaridar na Kaduna, rikici ya bazu a gari na kwanaki, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, aka mayar da gasar Landan. Jaridar ta nemi gafara a shafinta na farko. Ba za a ɗora wa jarida alhakin kisan da wasu suka yi da hannunsu ba, kuma akwai tsohon miki tun na 2000 da bai warke ba. Duk da haka, layi biyu ko uku ne da mai tacewa wanda ya san jama'ar Arewa zai soke cikin minti guda. Tun kafin wannan ma, a rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, an zargi rahotannin Rediyon Kaduna da taimakawa wajen yaɗuwar tarzomar zuwa wasu garuruwa. Misalan biyu sun fito daga ɓangarori mabambanta, abin da ya haɗa su shi ne tambayar da ta kamata a yi a tebur: wa zai ji wannan labari, kuma yaya zai fahimce shi?

3.5 Mai Fassara

A gidajen da ke aiki da Hausa akwai ƙarin hannu ɗaya, wato mai fassara. Sanarwar gwamnati da ta 'yan sanda da hukuncin kotu duk da Turanci suke fitowa, alhali mafi yawan masu sauraro da Hausa za su ji su. Mai fassara yana aiki ne cikin ƙurarren lokaci, wani zubin mintoci kaɗan kafin a shiga labarai, kuma a al'adance ana kallonsa a matsayin ƙaramin ma'aikaci. A haƙiƙa kuwa aikin edita yake yi, domin kowace kalma da ya zaɓa hukunci ce.

Alal misali, in an sami asarar rayuka a wani ƙauye na Chikun, yana da zaɓi tsakanin "rikici" da "arangama" da "hari" da "ramuwar gayya". Arangama tana nuna ɓangarori biyu ne suka gwabza. Hari yana nuna ɓangare ɗaya ne ya auka wa ɗaya. Ramuwar gayya kuwa ta riga ta gaya wa mai sauraro cewa akwai wanda ya fara. Haka nan akwai bambanci tsakanin "'yan bindiga" da "ɓarayin daji" da "'yan ta'adda", balle a ce an kira sunan wata ƙabila ko wani addini a wurin da rahoton asali bai kira ba. Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne kalmar zargi. Turanci na iya ɗaukar ta da kalma guda, Hausa kuwa sai an ce "wanda ake zargi da" ko "ana tuhumarsa da", kuma idan lokaci ya ƙure ko gurbin kanu ya yi kaɗan, ita ake fara yarwa. Nan take wanda ake tuhuma ya zama ɓarawo a kunnen unguwarsu tun alƙali bai zauna ba.

Akwai kuma kuskuren ɗauka cewa labaran Hausa na Musulmi ne, na Turanci kuma na Kirista. A kudancin Kogin Kaduna ana wa'azi da Hausa a coci, ana ciniki da ita, kuma Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da ita suke magana da juna in sun haɗu. Mai fassarar da ya manta da wannan yakan rubuta labari kamar mutanen Mahuta wasu ne can da ake ba da labarinsu, alhali suna cikin masu sauraronsa. Saboda haka ɗakin labarai da ya haɗa ma'aikata daga ɓangarorin kogin biyu yana da wata kariya da babu littafin ƙa'ida da zai bayar, domin kafin labari ya fita akwai wanda zai ce, wannan kalma ba haka za a ji ta a unguwarmu ba.

3.6 Babban Edita da Masu Gida

Babban edita shi ke ɗaukar alhakin duk abin da aka buga a gaban doka, shi ne kuma ke tsakanin ma'aikata da masu gidan. New Nigerian ta gwamnatin Jihar Arewa ce tun asali, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975, aka mayar wa jihohin Arewa 19 a 2006. Kowane sauyi na masu gida yana nufin sabon wanda edita zai yi hattara da shi. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian, ta koya wa editoci tace kansu da kansu. A gidaje masu zaman kansu kuwa mai ba da talla ne ake jin tsoro, kuma gwamnati tana cikin manyan masu ba da talla.

A farkon shekarun 2010 New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo suka daina fitowa a kai a kai, ma'aikatansu suka shiga neman haƙƙoƙinsu na albashi da fansho. Da rufewar irin waɗannan gidaje aka rasa wurin da ƙaramin wakili ke zama shekaru a ƙarƙashin gogaggen edita yana shan gyara da jan biro.

3.7 Halin da Ake Ciki a Yau

Wayar salula da intanet sun rage nisan da ke tsakanin unguwa da ɗakin labarai. Mazaunin Mahuta yana iya ɗaukar hoton ramin da ke kan hanya ya sa a Facebook, ko ya bugo waya a shirin rediyo kai tsaye ya faɗi kokensa, wakilai kuma suna samun labari ta zaurukan WhatsApp na unguwanni. Sai dai hannuwan da aka lissafa a sama sun ragu. A ƙananan jaridun intanet mutum ɗaya ne wakili, shi ne mai tacewa, shi ne mai fassara, shi ne kuma mai neman talla, kuma babu wanda zai karanta rubutunsa kafin ya fita.

Shekarar 2021 ta gwada wannan tsari a Ƙaramar Hukumar Chikun. Ranar 5 ga Yuli aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke yankin Maraban Rido, a kan hanyar Kachiya. A kwanakin farko alƙaluman da aka riƙa bugawa sun saɓa wa juna, domin hukumar makaranta da iyaye da 'yan sanda kowa da lissafinsa, kuma aikin edita ne ya bayyana wa mai karatu daga bakin wa kowane adadi ya fito. An yi watanni ana sako yaran kashi-kashi, labarin ya bar shafin farko tun iyaye da yawa ba su ga 'ya'yansu ba. Zuwa ƙarshen wannan shekara gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, har da na Chikun, na kimanin wata biyu saboda yaƙi da 'yan bindiga. A tsawon wannan lokaci, wakilin da ke son sanin abin da ke faruwa a ƙauyukan da abin ya shafa sai ya hau mota ya haye gada ya je da kansa, ko ya jira wanda ya fito daga can.